Filin Tambaya da Amsa: Na kai kayana gaban Ubangiji, me ya sa har yanzu wuyana ke ciwo?

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk bakinsu ɗaya, gajiya. Wani jikinsa ne ya gaji, wani zuciyarsa, wata kuma ta gaji da addu'ar da take ganin ba ta wuce rufin ɗaki. Mun zaɓi guda shida, mun taƙaita su, mun cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Salama a gare ku cikin sunan Yesu. Ni magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, ga bashi, ga mahaifiyata kwance ba lafiya. Kullum ina karanta Matiyu 11:28 inda Ubangiji ya ce masu wahala su zo ya hutasshe su. Na zo, na yi kuka, na yi azumi. Bashin yana nan, ciwon yana nan. Alkawarin ne ba nawa ba, ko bangaskiyata ce ta kasa?

Amsa: Ɗan'uwa, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba Mama sauƙi. Alkawarin naka ne, kuma wanda bangaskiyarsa ta mutu ba ya zama ya rubuto irin wannan wasiƙa. Sai dai ka tsaya a aya ta 28, alhali maganar sai a ta 30 ta ƙare. A aya ta 29 Yesu ya ce a ɗauki karkiyarsa, a yi koyi da shi, a nan za a sami hutawar rai. Karkiya kuwa itacen nan ne da ake ɗora wa shanun huɗa a wuya, ba don su kwanta ake ɗora ta ba. Mai kiran bai yi alkawarin tafiya hannu rabbana ba. Abin da ya yi alkawari shi ne karkiyar da ba ta cin wuya, da maigidan da ba ya jibga wa bawansa abin da ya fi ƙarfinsa.

Mutanen da suka fara jin maganar sun gane ta nan take, domin a wurinsu karkiya suna ne na koyarwa da dokoki. A Matiyu 23:4 Yesu ya zargi malaman Attaura da Farisiyawa da ɗaure kaya masu nauyi suna ɗora wa mutane a kafaɗa, su kuwa ko da yatsa ba sa taɓawa. Bitrus ma a Ayyukan Manzanni 15:10 ya yi maganar karkiyar da kakanni suka kasa ɗauka. Ka ga ke nan kayan farko da Almasihu ke sauke wa mutum shi ne tunanin nan na cewa sai na yi kaza da kaza Allah zai dube ni, in kuma wahala ta daɗe to ya juya mini baya. Mun ji nauyin wannan a jimlarka ta ƙarshe, kuma a ganinmu ya fi bashin danne ka. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, aka ce masa alherin Ubangiji ya ishe shi (2 Korintiyawa 12:7-9). Yesu da kansa sau uku ya yi addu'a a Getsamani, ƙoƙon wahalar da ya roƙa a ɗauke masa bai wuce shi ba, amma ya tashi daga durƙuso da ƙarfin fuskantar masu zuwa kama shi. Wa zai ce bangaskiyarsu ce ta gaza?

Yanzu ga aiki. Ka sami rabin awa kai kaɗai, da takarda da biro. Ka rubuta duk abin da ke danne ka, kowanne a layinsa, kuma da sunansa na gaskiya. Kada ka rubuta "matsalar kuɗi", ka rubuta wa ke binka, nawa, yaushe aka yi za a biya. Abin da ba shi da suna ba shi da iyaka, shi ya sa yake cika ƙirji. Daga nan ka raba su kashi huɗu: wanda naka ne kuma na yau, wanda naka ne amma ba kai kaɗai ba, wanda na gobe ne, da wanda sam ba a hannunka yake ba.

Wannan rabon daga nassi yake. A Galatiyawa 6:2 an ce mu ɗauki nauyin juna, a aya ta 5 kuma an ce kowa zai ɗauki kayansa. Ba saɓani ba ne, a Helenancin da aka rubuta wasiƙar kalmomi biyu ne dabam, kuma yadda aka fi fahimtarsu, ta farko nauyi ne da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ta biyu kuwa ƙunshin da kowa ke tafiya da shi. Bashi yana kashi na farko: ka je wurin mai binka kafin ya zo wurinka, ka faɗa masa adadin da za ka iya biya da gaske kowane wata, ko kaɗan ne, kuma kada ka ci sabon bashi don rufe tsoho. Jinyar Mama kashi na biyu ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka tara 'yan'uwa ku raba kwanaki da hidima a fili, ka kuma sanar da dattawan ikkilisiya ainihin abin da kake bukata, kamar wanda zai zauna da ita yini biyu a mako. Mutane da yawa suna son taimakawa, bakin zaren ne ba su sani ba. Yadda yaran za su kasance nan da shekara goma, wannan na gobe ne. Warkewar Mama kuwa, bayan an nema mata magani, tana hannun Mai rai.

Wuri biyu ake yin tuntuɓe. Wani ya kwashe komai ya zuba a kashi na huɗu, ya ce ya bar wa Allah, ya daina ɗaukar wayar mai binsa, bashin ya yi ta hauhawa, kwanciyar ransa ta zama ta kwana uku. Wani kuma ya tara komai a kashi na farko, har da ran mahaifiyarsa, ya wayi gari ya kasa tashi. Ka maimaita wannan rabon sau ɗaya a mako, domin kaya suna sauya layi.

Tambaya: Da rana ina daurewa, amma da na kwanta sai tunani ya taso mini. Ƙarfe biyu, ƙarfe uku, idona biyu. Sai in ce "Ubangiji na ba ka," bayan minti biyar na sake ɗauka. Yaya ake miƙa wa Allah damuwa ta tsaya a can?

Amsa: 'Yar'uwa, sake ɗauka ba zunubi ba ne, halin zuciya ne. Tana dawo da abin da take tsoron za a manta da shi. Don haka maganin yana farawa tun kafin ki hau gado.

Ki duba jerin da ke Filibiyawa 4:6-7, wanda Bulus ya rubuta yana ɗaure. Na farko a faɗa wa Allah bukata dalla-dalla, a haɗa da godiya, sannan salamar Allah ta tsare zuciya da tunani. Kalmar tsarewar irin ta soja mai gadin ƙofa ce. Ki lura, ba a ce amsa ce za ta yi gadin ba, salama ce, wato tana iya zuwa tun bukatar ba ta biya ba.

Awa ɗaya ko biyu kafin kwanciya, ki ware minti 15 a zaune, ba a kan gado ba. Ki rubuta kowace damuwa a jimla guda, a gefenta ki sa abu ɗaya tak da za ki yi a kanta gobe, in babu ki rubuta "babu, ta Ubangiji ce." Ki karanta su a gabansa da murya, ko da raɗa ne. Ki kawo abu uku na ranar da kike godiya dominsu, ƙanana kuma takamaimai, ba "na gode don komai" ba. Sai ki rufe littafin ki ajiye shi nesa da gado. In tunanin ya dawo da dare, kada ki yi gardama da shi, ki ce masa an rubuta, an miƙa, sai gobe. Sannan ki kama aya guda gajera, kamar Zabura 4:8 mai maganar kwanciya da barci cikin salama, kina maimaita ta a hankali, rabi da jan numfashi, rabi da saukewa.

In kin kai kamar minti 20 barci bai zo ba, ki tashi. Ki zauna da haske kaɗan, ki karanta Zabura daga takarda, ba daga waya ba, sai kin ji ido ya yi nauyi ki koma. Dalili shi ne in kina juye-juye a gado dare bayan dare, ƙwaƙwalwa tana koyon cewa gado filin kokawa ne. Ki riƙa tashi a lokaci guda kowace safiya ko daren ya yi muni, ki bar kofi da shayi mai ƙarfi daga tsakar rana, ki juya fuskar agogo ga bango.

Akwai wani kuskure da masu himma ke yi, mu faɗe shi ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba. Mai fama da rashin barci ya farka ƙarfe biyu, sai ya miƙe ya shiga addu'ar yaƙi da ƙarfi yana zagaya ɗaki na awa guda. Zuciya ta ɗau gudu, barci ya ƙaura, gobe gajiya ta ninka. Addu'ar dare tana da wurinta, amma ga wanda jikinsa ke neman barci, addu'ar da ta dace ita ce ta Zabura 131, ta yayayyen yaro da ya lafe a jikin uwarsa. Kuma kada ki yanke wata shawara tsakanin tsakar dare da asuba. A jeji an ba Isra'ilawa manna, abincin da Allah ya sauko musu, ta yini ɗaya ɗaya, wanda ya ɓoye ta gobe sai ta yi tsutsa ta yi wari (Fitowa 16:20). Ƙarfin gobe ba ya zuwa da ƙarfe uku na daren yau. Ki ba wannan tsari mako biyu zuwa uku. In kuwa rashin barcin ya kai dare uku a mako har wata uku, ki ga likita.

Tambaya: Ina cikin mawaƙa, ina koyar da yara ran Lahadi, ina kuma cikin kwamiti biyu. Kusan kullum ina majami'a. Yanzu in na ga kiran Fasto sai in ji haushi ya taso mini. Na ja da baya ne a ruhaniya?

Amsa: Ɗan'uwa, jiki magayi. Haushin nan sau da yawa ba alamar sanyin ƙauna ba ne, alamar rijiya ce da ake ɗiba ba a bari ta tsatso. Yetro ya ga surukinsa Musa zaune yana shari'a daga safe har yamma, ya ce masa abin da yake yi ba shi da kyau, zai gajiyar da kansa da mutanen duka, ya naɗa shugabanni na dubu, na ɗari, na hamsin da na goma (Fitowa 18). A Markus 6:31 manzanni sun dawo daga aikin wa'azi, ko zarafin cin abinci babu, Yesu ya ce su keɓe su huta kaɗan. Dokar Asabar ma dalili biyu aka ba ta: a Fitowa 20 domin Allah ya huta bayan halitta, a Maimaitawar Shari'a 5 domin dā bayi ne a Masar aka fisshe su. Wanda ba ya iya ajiye aiki yini ɗaya cikin bakwai, ko aikin majami'a ne, ya tambayi kansa wa yake wa bauta.

Ka ƙirga awannin da kake bayarwa na mako biyu, har da na tafiya da dawowa. Ka riƙe hidima ɗaya ko biyu da ka san nan baiwarka take, ka ajiye saura na wata uku. Kada ka ɓace shiru, wannan shi ke haifar da tsegumi. Ka je wurin Fasto ka ce, "Baba, ina so in yi wannan da kyau, don haka zan sauka daga wancan a ƙarshen wata, ga wanda zan koya wa." Ranar hutunka kuma kada ta zama ranar biyan bashin ayyukan gida.

Fastoci da dattawa masu karanta wannan fili, a ji tsoron Allah. An saba ƙara wa mai haƙuri kaya domin shi ne ba ya cewa a'a, har ranar da za a neme shi a rasa.

Tambaya: Na yi wani zunubi shekaru da suka wuce. Na tuba, na roƙi gafara ba adadi, amma duk lokacin da na durƙusa sai ya tsaya mini a gaba.

Amsa: 'Yar'uwa, ki rarrabe murya biyu. Ruhu Mai Tsarki in ya tsauta yakan nuna abu takamaimai da hanyar fita: kin yi kaza, ki furta, ki gyara. Mai ƙara kuwa, wato Shaiɗan, ba ya nuna ƙofa, sai dai ya ce ke ai haka kike, ba ki da amfani. Bulus ya bambanta su a 2 Korintiyawa 7:10, baƙin cikin da ke kai ga tuba da wanda ke kai ga mutuwa.

A 1 Yahaya 1:9 gafara ta rataya ne ga amincin Allah da adalcinsa, ba ga yadda kike ji bayan kin ce amin ba. Roƙon gafarar abu guda sau ɗari yakan koya wa zuciya cewa na farkon bai karɓu ba. Daga yau in ya taso, ki mai da roƙon godiya: na gode da ka gafarta wannan. Ki haddace Romawa 8:1.

In bai lafa ba, ki duba abu biyu. Akwai haƙƙin wani da ba a mayar ba? Zakka mai karɓar haraji, da Yesu ya sauka a gidansa, bai tsaya ga murna ba, ya ce zai mayar ninki huɗu ga wanda ya zalunta (Luka 19:8). Na biyu, kin taɓa faɗa wa wani mutum da baki? Yakubu 5:16 ya ce mu furta wa juna. Mutum ɗaya ya isa, dattijuwa mai riƙon asiri ko Fasto, ba taron addu'a ba. Amma in fallasa maganar ga wanda aka yi wa laifin za ta jawo masa sabuwar cuta ko ta sa ki cikin haɗari, ki nemi shawara tukuna kafin ki buɗe baki.

Tambaya: Da na fara addu'a sai hankalina ya tafi wani wuri. Ko minti biyu ba na yi.

Amsa: Ba kai ne farau ba. A 1535 Martin Luta, malamin ikkilisiya Bajamushe, ya rubuta wa wanzaminsa, mai suna Bitrus, 'yar wasiƙa kan yadda ake addu'a. Ya ce masa wanzamin kirki idonsa da hankalinsa na kan aska da gashi, in ya shiga surutu sai ya yanke wa mutum hanci ko maƙogwaro. Dabarar da ya ba shi ita ce a ɗauki gaɓa ɗaya ta nassi, misali roƙo guda daga Addu'ar Ubangiji ko doka guda daga Dokoki Goma, a murɗa ta igiya huɗu: me take koya mini, me zan gode a kai, me zan furta na laifi, me zan roƙa. Ka fara da minti biyar, da murya, Littafi a buɗe a gabanka. In hankali ya gudu ka dawo da shi kan ayar ba tare da zagin kanka ba.

Tambaya: 'Yata budurwa ce, wata huɗu ke nan ta daina fita, ba ta cin abinci sosai, ta bar zuwa sujada, jiya ta ce da ma ta mutu ta huta. Wasu sun ce rashin bangaskiya ne, wasu sun ce a sa ta azumin kwana bakwai. Kai ta asibiti ba raina ikon Allah ba ne?

Amsa: Mama, mun sa wasiƙarki a ƙarshe ne domin mu tsaya a kanta, amma ita ce mafi gaggawa. Ki kai ta wurin likita yau ko gobe, kada ki jira amsar kowa. Kuma kada a sa ta azumi.

Abin da kika bayyana ya yi kama da ciwon tsananin damuwa, ciwo ne da likitoci suka sani kuma ana warkewa. Alamominsa su ne baƙin ciki ko rashin jin daɗin komai kusan kullum har mako biyu ko fiye, tare da lalacewar barci da cin abinci, kasala, ganin kai ba a bakin komai ba, da tunanin mutuwa. Ƙarancin jini da wasu cututtukan jiki ma suna iya kawo irin wannan, shi ya sa ake bukatar gwaji.

Ki buɗe 1 Sarakuna 19. Annabi Iliya, wanda ya ga wuta ta sauko a Dutsen Karmel, ya gudu daga Sarauniya Yezebel mai neman ransa, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji, ya zauna a gindin wani itace ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Ki duba abin da Allah ya fara yi masa. Ya bar shi ya yi barci. Mala'ika ya taɓa shi ya ce ya tashi ya ci, ya ci ya sha ya sake kwanciya. Mala'ikan ya dawo karo na biyu, ya ce ya ƙara ci domin tafiyar ta fi ƙarfinsa. Sai a Horeb, bayan kwana 40, Allah ya tambaye shi me yake yi a nan, ya bar shi ya amayar da kukansa har sau biyu, sannan ya shaida masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, ya kuma ba shi Elisha. Barci, abinci, kunnen sauraro, abokin tafiya. Ba a ce masa ya ƙara bangaskiya ba. Zabura 88 ma addu'a ce da ta ƙare cikin duhu, ba ko jimlar yabo a ƙarshenta, amma tana cikin Littafi. Game da magani, Ishaya da bakinsa ya sa aka ɗora wa Sarki Hezekiya curin ɓaure a kan marurunsa bayan ya isar masa da alkawarin warkewa (Ishaya 38:21), Bulus kuma ya kira Luka ƙaunataccen likita.

Kafin ku isa asibiti, ki zauna kusa da ita ki tambaye ta kai tsaye, cikin taushi: "'Yata, kina tunanin kashe kanki? Kin shirya wata hanya?" Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sau da yawa sauƙi take kawowa. In ta ce e, kada a bar ta ita kaɗai ko na ɗan lokaci, a kwashe magunguna, guba da duk abin da zai iya cutarwa daga inda za ta kai hannu, a tafi sashen gaggawa a ranar. In an ba ta magani, ki sani yakan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa, sau da yawa biyu zuwa shida. A makonnin farko a ƙara sa mata ido, musamman da yake matashiya ce, in tunanin mutuwa ya ƙaru a koma wurin likita nan take. Kada a tsayar da maganin kwatsam don ta fara murmushi ko don wani ya ce an karɓi addu'a, likita ne zai rage shi a hankali. In akwai mai ba da shawara da aka horar, a haɗa da shi.

Masu zuwa gaisuwa kuma ki tace su. Abokan Ayuba kwana bakwai suka zauna da shi a ƙasa ba wanda ya ce uffan, sai da suka buɗe baki da binciken laifinsa suka ƙara masa ciwo. Ki zaɓi mutum biyu ko uku daga ikkilisiya masu iya zama shiru. Addu'a ta zama gajera, a riƙe hannunta, minti biyu, ba ihu. In ta ce ba ta iya addu'a, ki ce mata ba komai, ke za ki yi a madadinta. Ke ma, Mama, ki sami wadda za ta karɓe ki kwana ɗaya ko biyu a mako ki yi barci, domin jinyar irin wannan ciwo ta watanni ce. Ki sake rubuto mana bayan kun ga likita.